Littafin da Na Sa Aka Karanta a Bainar Jama'a

Assalamu alaikum Edita, da dukkan masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro, don ba abin da mutum zai yi tinƙaho da shi ba ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. Mutanen garinmu in sun karanta za su gane ni, to su gane, dama sun riga sun sani.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, ina acaba a wani ƙauye cikin ƙasar Doguwa, ba nisa da hanyar Riruwai. Ina da mata da 'ya'ya uku da 'yar gonar masara, kuma ni ne magatakardan 'yan sintirin garinmu, saboda na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa. Amma abin da na fi taƙama da shi shi ne ido. A ganina ba wanda ya kai ni iya karantar mutum. Fasinja zai hau bayana, kafin mu fita gari na gama yanke masa hukunci, wannan ɓarawon akuya ne, wancan da matarsa suka yi faɗa. In na canka daidai sau ɗaya sai in yi wata guda ina ba da labari a majalisa, sau taran da na kuskure kuwa ba mai jin su. Matata takan ce da ni ko inuwata ban yarda da ita ba, ni kuma in ce ai shi ya sa ba a taɓa ƙwace min babur ba.

Shekarun nan ne masu satar mutane suka fara matsowa yankinmu daga daji. Kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari, wanda zai nuna musu gida, ya faɗa musu wa ke da shanu, wa ya sayar da hatsi. Shi ake cewa infoma. Tsoron infoma ya fi tsoron 'yan bindigar cin ranmu, domin su suna daji, shi kuwa wataƙila a sahu ɗaya kuke salla. Mutane suka daina faɗin abin da suka noma. Baƙo in ya tambayi hanya sai a bi shi da kallo har ya ɓace.

Cikin wannan hali wani ɗan unguwarmu ya dawo daga aikin soja. Ya girme ni da kamar shekara biyar, kuma ya yi shekaru a bakin daga a arewa maso gabas, har aka sallame shi saboda raunin da ya samu a hannun hagu, wanda ya shanye rabi. Soja kowa yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ranar da ya sauka, kafin ya huta, gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa ya fara zuwa. Ɗanta ɗaya namiji tare suka yi aiki, a can kuma ya rasu, ko gawarsa ba ta gani ba. Soja ya shaida mata cewa yana kusa da shi, harsashi ɗaya ne, nan take rai ya yi halinsa, kuma da kalmar shahada ya cika. Wannan magana ita ta riƙe tsohuwar. Duk wanda ya je sayen daddawa sai ta maimaita masa, tana cewa ita kam ta gode Allah, ɗanta bai wahala ba kuma ya cika da kyau.

Mu kuwa labarin jarumta muke jira. Mun zaci zai zauna a majalisa ya gaya mana mutum nawa ya kashe. Bai zauna ba. Daga gida sai masallaci sai gona, in an yi masa maganar yaƙi sai ya yi murmushi ya ce Allah ya kyauta. Da muka je a ƙungiyance muka roƙe shi ya koya wa yaranmu dabarun tsaro, sai ya ba mu haƙuri, ya ce shi ya gama riƙe duk wani abin da ake kashe mutum da shi. Abin ya ɓata min rai ƙwarai, don ni na kawo shawarar, ni na yi jawabin. Ina ganin tun daga ranar na fara yi masa wani irin kallo, ko da yake a lokacin ba zan yarda cewa haushi ne ba.

Saboda hannunsa ba ya iya tuƙa babur, sai ya zama ni nake kai shi unguwa. Zai zo da safe ya ce ƙanena, in ba ni da uzuri yau in kai shi wani ƙauye a ƙasar Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada. In mun isa sai ya tambayi gidan wane, ya ce in jira shi a inuwa, ya shiga zaure ya daɗe. Ni kuma kunnena ba ya zama wuri ɗaya. Nakan matso kamar ina duba tayar babur, in ji yana tambayar dattijon gida 'ya'ya nawa aka bari, gonar can ta wace ce, da wane suna uwarsa take kiransa. In ya fito sai ya tsaya yana ƙare wa gidan kallo, ƙofa, rijiya, bishiyar da ke tsakar gida. A hanyar dawowa kuma sai ya ce in tsaya, ya zauna a gindin bishiya ya ciro wani littafi mai baƙin bango ya yi ta rubutu. Da na tambaye shi, ya ce gidajen abokan aikinsa ne, akwai amanar da yake saukewa. Na ce a raina, lallai wannan ya iya shiri. Tambayoyin da yake yi su ne sak tambayoyin infoma. Sau biyu na ji kukan mata daga cikin gida bayan shigarsa, amma ban sa wannan a ma'auni ba, saboda bai dace da abin da na riga na yanke ba.

Wata rana muna dawowa daga ƙasar Tudun Wada muka tsaya a bakin wani rafi muka yi azahar. Bayan mun idar ya koma gefe da littafinsa, na ji yana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Na lallaɓa na kasa kunne. Waƙa ce, kuma maganar wani mutum yake daga cikin waɗanda suka yaƙa, wanda shi da kansa ya harbe. Yana cewa da ya je kansa ya tarar da silifas ɗin roba a ƙafarsa, dugadugansa duk faso, da guntun ƙuli-ƙuli a aljihu, kuma shi ma mace ce ta haife shi, wataƙila tana can tana duban hanya. Soja, yana tausayin 'yan ta'adda? Na ce to, biri ya yi kama da mutum. Har muka iso gida ina jin nauyinsa a bayana kamar na goyo maciji.

Bayan kamar mako biyu aka ɗauke wani manomi a wannan ƙauyen da muka je. Ba daga gidan da Soja ya shiga ba ne, ba ma unguwar ba ce, amma ni ya ishe ni hujja. Na samu shugaban 'yan sintirinmu na zayyana masa komai, har da gishirin da na ƙara ban sani ba. Mutum ne mai zafi, amma ya ce magana irin wannan sai da shaida. Na ce ya bar min.

Damar ta zo a Kwanar Dangora, muna dawowa daga Bebeji. Soja zai yi alwala, kuma da hannu ɗaya yake fama, sai ya miƙo min ledar da littafin ke ciki ya ce in riƙe masa. Yana ba da baya na cusa ta ƙarƙashin kujerar babur. Da ya dawo na ce na ajiye a kan benci na je sayen ruwa, na dawo ban gani ba. Bai yi min faɗa ba. Sai ya bi tashar nan kaf, daga mai shayi zuwa mai faci zuwa masu tallan rake, yana tambaya ko wani ya tsinci leda, yana cewa ba kuɗi a ciki, takarda ce kawai. Ni ma ina biye da shi ina taya shi cigiya. Wannan abin kunya har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na isa gida na buɗe, sai na ga ajami ne, ni kuwa ajamina bai taka kara ya karya ba. Na dai iya tsinto sunayen ƙauyukan da muka je, na ga rubutun an jera shi layi biyar-biyar. Na ce shi ke nan, jerin gidajen da za a shiga ne. A daren na je na nuna wa shugabanmu, na ce ga shaidar da ya nema.

Washegari da hantsi yaranmu suka je gona suka kamo shi. Sun ɗaure hannayensa ta baya, har da mai ciwon, suka kawo shi ƙofar gidan mai gari. Kafin a ce me, gari ya taru. Matasa da sanduna da adduna, wani ma na gan shi da galan ɗin fetur, mata kuma sun yi cirko-cirko a bayan katanga da bakin lungu. Duk wanda ya san irin wannan taro ya san ransa a hannun Allah yake, kalma ɗaya za ta sa a gama da shi kafin hukuma ta iso. Mai gari ya tsawatar, ya sa aka kira liman, ya ce in faɗi abin da na sani. Na miƙe na yi jawabi, har da gyaran murya, na ɗora littafin a kan tabarma.

Da Soja ya ga littafin, sai ya ɗago ya dube ni. Ya juya ga mai gari ya ce, ransa ya daɗe, shi ba infoma ba ne, abin da ke ciki waƙa ce ya rubuta wa abokansa da suka mutu. Amma yana roƙon arziki ɗaya, don Allah kada a karanta a nan, a bar malam ya shiga zaure ya karanta shi kaɗai, duk hukuncin da ya yanke ya yarda. Mai gari har ya fara gyaɗa kai. Ni ne na hana. Na ɗaga murya na ce mai gaskiya ba ya tsoron a karanta takardarsa, in waƙa ce ai don a ji ake yin waƙa, kuma jama'a ba za su yarda da shari'ar cikin zaure ba. Matasa suka ɗauka da hayaniya. Mai gari ya ga in ya ƙi, taron zai fi ƙarfinsa, sai ya ce malam bismilla.

Liman ya gyara tabarau ya fara karantawa kamar wasiƙa. Bai yi baiti uku ba karin waƙar ya ja shi, ya koma rerawa ba tare da ya yi niyya ba. Ta fara da sunan Allah da salati kamar yadda aka saba, sannan ta shiga. Mu waƙar yaƙi da muka sani ta kirari ce, ta maza da ba sa gudu. Wannan babu jarumi ko ɗaya a cikinta. Maganar ƙafafu take da suka ruɓe cikin takalmi saboda damina, da mutum shida a kan kwanon gari ɗaya, da wanda yake hawa tudu yana ɗaga waya sama ko zai samu ya ji muryar jaririn da aka haifa masa bai gani ba. Akwai wanda yake kuka duk lokacin da za a fita, kuma waƙar ba ta ce masa matsoraci ba, ta ce shi ne ya fi su faɗin gaskiya. Kowane mamaci da nasa baitoci. Sai ta fara da gidansu, ƙofar da rijiyar da bishiyar, da sunan da uwarsa take kiransa, sannan ta faɗi yadda ya mutu, ta rufe da amshi ɗaya, wa zai je ya gaya wa uwarsa. A nan na gane abin da yake kallo a gidajen nan. Ba ya iya rubuta baitin mutum sai ya ga inda ya tashi. Na duba na ga sanduna sun sauka ƙasa, mai galan ɗin nan ya sulale ban ga fitarsa ba.

Da a nan aka tsaya, da kunya kawai zan sha. Amma liman ya buɗe wani shafi, ya rera baitin wani gida mai tsamiya a ƙofa, wanda ƙanshin daddawa ke yi wa baƙo sallama tun daga lungu. Kowa ya gane gidan. Liman ya yi turus. Soja, wanda tun ɗazu kansa ke sunkuye, ya yunƙura da ɗaurin a hannunsa ya ce malam, don girman Allah ya tsaya a nan. Ya kamata wannan roƙo ya karya min zuciya. Amma ni a lokacin neman abin da zai wanke ni nake, don na ga jawabina yana rushewa a gaban mutane. Sai na ce yauwa, an zo wurin, abin da yake ɓoyewa a nan yake, tunda an zo kan gidan garinmu. Shugabanmu ya goyi bayana, ya ce a ci gaba.

Liman ya ci gaba. Waƙar ta ce harsashi ne ya fasa wa ɗan tsohuwar ciki, da sassafe, kuma bai cika ba sai bayan la'asar, domin ba motar da za ta iya isowa inda suke. Ta ce ya yi ta roƙon ruwa, an hana shi saboda irin raunin, sai Soja ya riƙa jiƙa bakin hankici yana shafa masa a leɓe. Ta ce tun azahar hankalinsa ya gushe, ba abin da yake kira sai Inna, Inna, yana cewa ta zo ta ɗauke shi rana ta yi zafi. Sannan baitin da ba zan manta ba har in mutu. A cikin baitin Soja ya ce ya sa baki a kunnensa ya yi ta maimaita masa kalmar shahada, amma bai sani ba ko ya ji, don kalmar ƙarshe da ta fito daga bakinsa sunan uwarsa ce. Ya ce ya je ya gaya wa uwar abin da zuciyarta za ta iya ɗauka, gaskiyar kuma ya ajiye ta a takarda tsakaninsa da Ubangijinsa.

Tsohuwar tana bakin lungu, da farantin daddawarta a ka. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta faɗi ba. Ta sauke farantin ta ajiye a ƙasa, ta juya ta nufi gida, wasu mata suka bi bayanta. Liman ya rufe littafin yana share hawaye da gefen rawani, ya ce a kwance bawan Allah nan. Da aka kwance shi hannun mai ciwon ya kumbura ya yi suntum. Ya karɓi littafinsa da ɗaya hannun ya tafi, ba wanda ya iya ce masa sannu. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi min sauƙi.

Matata ta ba ni labarin cewa bayan kwana biyu tsohuwar ta aika aka kira Soja. Ta ce masa ɗana, ba ta riƙe shi da komai ba, ta san don ita ya yi. Abu ɗaya take so ya gaya mata tsakani da Allah, shin da ya faɗa wa ɗanta kalmar a kunne, ya ga leɓensa ya motsa? Soja ya ce bai gani ba. Ya riga ya yi mata ƙarya sau ɗaya an tona, ba zai iya ta biyu ba. Liman ya yi ta zuwa yana kwantar mata da hankali, yana gaya mata rahamar Allah ta fi gaban abin da kunne ya ji, tana cewa haka ne malam. Amma ta daina ba masu sayen daddawa labarin ɗanta, daga baya ma ta daina daddawar. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu. Ba zan ce ni na kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne ta yi watanninta na ƙarshe ba tare da abin da ke sanyaya mata zuciya ba, kuma ni na ƙwace shi da bakina.

Wanda ya kai rahoton manomin nan kuwa har yau ba a san shi ba. Na ajiye aikin magatakarda. Soja ya bar garin ya koma wajen dangin mahaifiyarsa a kusa da Bagauda. Na yi wata shida ina tattara ƙarfin hali kafin na je. Na same shi a bakin ruwa yana taya masunta gyaran koma da hannu ɗaya. Na durƙusa na ce Yaya, na zo neman gafara, kuma ni na ɓoye littafin a Kwanar Dangora. Ya ce ya sani tun ranar, don da za mu hau babur mu tafi bayan cigiyar ya ga bakin ledar a ƙarƙashin kujera, ya yi shiru ne yana zaton zan dawo masa da shi in na gama dubawa. Ya ce ya yafe min duniya da lahira, har ya sa aka kawo min kifi. Da na tambaye shi ko ya ƙarasa waƙar, sai ya ce a'a. Saura gida huɗu da bai je ba, kuma ba zai je ba, don yanzu in ya tsaya a ƙofar wani gida yana tambaya sai ya ji igiya a hannunsa. Na ce zan kai shi duk inda suke, ya ce na gode ƙanena, a bar shi haka.

Abin da na koya shi ne, zargi in ya shiga zuciya, komai ka gani abincinsa ne. Shirun mutum hujja, roƙonsa hujja, hawayensa ma hujja. Ba na cewa mutane su daina sa ido, zamanin ya lalace kuma mu muka san abin da muke gani a yankinmu. Amma ina roƙon duk wanda ke cikin aikin sintiri ko kwamitin unguwa, in mutum ya ce a saurare shi a keɓe, a saurare shi a keɓe, ba duk abin da ake ɓoyewa ne laifi ba. Waɗanda suka dawo daga yaƙi kuma, in ba su ba ku labarin da kuke so ba, ku ƙyale su, akwai abin da suke ɗauke da shi wanda don mu suke rufe shi. Ni an yafe min, amma yafiyar ba ta mayar wa tsohuwar nan da kwanciyar hankalinta ba. Kuma a wani wuri tsakanin Kiru da Tudun Wada akwai iyaye mata huɗu da har yau ba wanda ya je ya ce musu yana tare da 'ya'yansu a ranar ƙarshe. Ku taya ni roƙon Allah gafara.